Kiranyen Lexus GX 460: Motar Ta Iso, Wasiƙar Ba Ta Iso Ba

'Yan uwa, da masu haɗa wannan mujalla ta bikin cikar shekara suka ce kowa ya waiwayi wani abin baya da ya shafi sana'armu, sai ni na zaɓi mota. Ba tirelar da ke ɗaukar mana kaya ba, a'a, jif ɗin da mai kayan yake hawa. Duk wanda ya daɗe yana bin hanyar Kwatano zuwa Malanbil, ya haye gada ya shiga Gaya, ya ga yadda motar alhazai ta yi ta canzawa: daga Peugeot 504 zuwa Marsandi, daga nan Pajero, sai kuma Prado da Land Cruiser da 'yan uwansu masu tambarin Lexus. Wasunmu hawa suke yi, wasu saye da sayarwa, wasu kuma fito kaɗai ne nasu. Amma a bakinmu magana ɗaya ce, cewa motar Toyota ba ta ba da kunya. Ni ma ban musa ba. Sai dai akwai wani ɓangare na tarihin waɗannan motoci da ba ya zuwa cikin kwantena tare da su, kuma shi nake so mu duba ta kan mota ɗaya, Lexus GX 460.

Bari mu fara da kalmar kiranye. A Amurka tun 1966 akwai dokar da ta ɗora wa mai ƙera mota alhakin lahanin da ya fito daga masana'anta. In an gano cewa wani samfuri yana da aibin da zai iya jawo haɗari, dole kamfani ya sanar da hukumar kiyaye haɗurran hanya, wato NHTSA, ya aika wa kowane mai motar wasiƙa, ya kuma gyara kyauta. Wannan shi ne kiranye. Ba alfarma ba ce, ba kuma garanti ba ne. Ko motar ta canza hannu sau uku, haƙƙin gyaran yana bin ta.

GX 460 ta fito a ƙarshen 2009 a matsayin samfurin 2010. A masana'antar Tahara da ke Japan ake ƙera ta, kuma duk makanike ya san Prado ce aka sa wa babbar riga: ƙashin jiki ɗaya ne, sai aka ɗora mata injin V8 mai lita 4.6, da kujerun fata, da farashin da ya haura dala 50,000. Ta fito a mummunan lokaci ga kamfanin. A ƙarshen watan Agusta 2009 wani ɗan sandan hanya na jihar Kalifoniya ya mutu tare da matarsa da 'yarsa da ɗan'uwan matar a cikin wata Lexus ES 350 da dila ya ba shi aro. Shimfiɗar ƙafa ce, wadda ba ma ta motar ba, ta danne totur ya ƙi dawowa, motar ta yi ta gudu har ta wuce kilomita 160 a awa. Daga wannan haɗari aka shiga kiranye bayan kiranye, na shimfiɗa da na totur mai maƙalewa, har adadin ya haura motoci miliyan 8 a duniya. A watan Fabrairu 2010 shugaban kamfanin, Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa shi, ya zauna gaban 'yan majalisar Amurka yana ba da haƙuri.

Ana cikin wannan hali sai ga mujallar Consumer Reports. Ya kamata a san wace ce ita, don nauyin maganarta daga nan yake. Tun 1936 take aiki, ba ta karɓar talla daga kowa, kuma motocin da take gwadawa da kuɗinta take saye a wurin dila kamar kowane mai saye, ba tare da ta ce ga ko ni wace ce ba. Tana da filin gwaji nata a jihar Konetikat. Ranar 13 ga Afrilu 2010 ta fito ta ce wa jama'a kada su sayi GX 460, akwai haɗari a cikinta. Rabon da ta yi wa wata mota irin wannan hukunci tun 2001, lokacin da ta yi wa Mitsubishi Montero, wadda mu muka sani da Pajero.

Abin da suka gani shi ne wannan. Direba ya shiga kwana da gudu, sai ya ga kwanar ta fi yadda ya zata tsanani, sai ya ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya. Kowa haka yake yi, ba sai an koya masa ba. A wannan lokaci nauyin mota yana komawa gaba, tayoyin baya su yi sakayau, gindin motar ya fara zamewa waje. Don irin wannan ne aka sa wa motocin zamani wata na'ura, Toyota na kiran tata VSC, wadda ke lura da inda sitiyari ya nufa da inda motar ta nufa. In ta ga sun saɓa, sai ta rage wa injin ƙarfi, ta taka birkin taya ɗaya ita da kanta, motar ta dawo kan hanya kafin direba ya ankara. A GX 460 na'urar tana nan, amma tana makara. Sai gindin motar ya zame har ta kusa gicciye hanya kafin ta sa baki. Direbobin gwaji huɗu suka tuƙa, dukansu suka ga haka. Suka nemo wata GX ta biyu don kada a ce tasu ce mai matsala, ita ma haka. Abin mamaki, Toyota 4Runner, wadda suke ƙashi ɗaya, ta ci wannan gwaji lafiya lau.

A filin gwaji mai faɗi da santsin kwalta, zamewa ba komai ba ce. Amma mota mai tsayi irin wannan, in tana tafiya a gicciye tayarta ta daki dakalin gefen titi ko ta nutse cikin ƙasa mai laushi, sai kifewa. Mai karatu ya tuna da irin gefen hanyoyinmu, inda kwalta ke ƙarewa kai tsaye cikin rairayi ko rami, ya tuna da jaki ko akuyar da kan faɗo titi a tsakiyar kwana, ya ƙara da jarkoki da buhunan da muke ɗaurewa a saman mota in za a yi doguwar tafiya. Mujallar ta faɗi gaskiya cewa ba ta da labarin wani da ya ji rauni ta wannan hanya. Tun kafin a kai ga haka ta yi magana.

Kamfanin da wuta ta riga ta ƙona bai tsaya musu ba. A ranar da rahoton ya fito ya umarci dilolinsa su dakatar da sayar da motar, ya kuma ce duk mai GX da hankalinsa bai kwanta ba ya zo a ba shi motar aro. Injiniyoyinsa a Japan suka maimaita gwajin, suka ga abin da aka gani. Ranar 19 ga Afrilu aka sanar da kiranye: motoci kusan 9,400 a Amurka. A wannan rana ɗin ce kuma kamfanin ya amince zai biya gwamnatin Amurka tarar dala miliyan 16.4 saboda jinkirin da ya yi wajen bayyana matsalar totur. Gyaran GX bai buƙaci a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Kwamfuta ake haɗawa a sabunta manhajar na'urar, aikin kamar awa guda. Consumer Reports ta sake gwada motar da aka gyara, ranar 7 ga Mayu ta janye hukuncinta. Duka-duka ƙasa da wata ɗaya.

Ga inda labarin ya taɓo mu. Kiranyen bai tsaya a Amurka ba, kuma bai tsaya kan Lexus ba. A duniya gaba ɗaya motoci kusan 34,000 ne: GX 460 wajen 13,000, sai Land Cruiser Prado wajen 21,000, da yawansu a Oman da Rasha da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Bayanin da Toyota ta bayar kuma abin lura ne. Ta ce kaya masu nauyi, irin su tankin mai, a gefen hagu suke a waɗannan motoci. In sitiyari ma a hagu yake, nauyin direba ya ƙaru a can, sai gefen ya rinjaya, musamman in tanki cike yake aka sha kwanar dama da gudu. Shi ya sa Prado mai sitiyarin dama ba ta shiga kiranyen ba, sai wasu nau'o'in masu sitiyarin hagu. To, mu daga Nijar har Najeriya, Benin, Togo, Gana, Kamaru da Cadi, sitiyarin hagu muke tuƙawa. Kuma kowa ya san kasuwanni biyun da jif ɗinmu ke fitowa, Amurka da Dubai.

Wannan shi ne na farko, kuma shi ne mai sauƙi. Na biyun ya fi muni, don shi ba ya nuna alama ko kaɗan.

Jakar iskar da ke fitowa daga sitiyari ko dashbod lokacin karo, ba famfo ne ke hura ta ba. Wani ɗan gwangwanin ƙarfe ne a bayanta, cike da sinadarin da ke kamawa da wuta kafin ƙiftawar ido, iskar da ya fitar ta cika jakar. Kamfanin Takata na Japan, ɗaya daga manyan masu sayar wa kamfanonin mota wannan kaya, ya koma amfani da sinadarin amoniyam naitiret saboda araharsa. Manoma sun san shi a takin zamani. Shi ne kuma wanda ya tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Beirut a watan Agusta 2020. Aibinsa shi ne ba ya jure laima da sauyin zafi da sanyi. In ya shekara da shekaru a cikin mota, rana ta gasa shi dare ya huce, raɓa tana shiga, sai ya lalace. Ranar da aka yi karo, ko da ƙarami ne, maimakon ya ci a hankali sai ya fashe gaba ɗaya, gwangwanin ya tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su yi fuska da wuyan wanda aka sa jakar don ta cece shi.

Honda ce ta fara ɗan ƙaramin kiranye a 2008, motoci kusan 4,000. Shekara takwas ana faɗaɗa shi kaɗan-kaɗan, ana musu, ana mutuwa. A watan Mayu 2016 NHTSA ta yanke cewa duk gwangwanin Takata mai wannan sinadari da ba a sa masa maganin laima ba sai an cire shi. A Amurka kaɗai adadin ya kai kusan miliyan 67, a duniya wajen miliyan 100. Ba a taɓa kiranye mai girman wannan ba a tarihin mota. Fiye da mutum 25 suka mutu a Amurka, ɗaruruwa suka ji rauni, an kuma yi asarar rayuka a Malesiya da Ostireliya. A farkon 2017 Takata ya amsa laifin ɓoye sakamakon gwaji ya amince da biyan dala biliyan 1, a watan Yuni na shekarar ya karye.

Don adalci, yawancin mace-macen a motocin Honda aka yi su. Amma jerin motocin da aka kira ya haɗa da manyan jif da muke ji da su: GX 460 daga samfurin 2010 zuwa na 2017, jakar gefen fasinja, Toyota Sequoia ta farkon shekarun 2000, Cadillac Escalade daga 2007 zuwa 2014, da BMW X5. Gefen fasinja, 'yan uwa, nan ne uwargida ke zama, nan ne babban baƙo ke zama. Da kayan gyara suka yi ƙaranci, hukumar ta raba Amurka shiyya-shiyya, ta ce a fara da jihohi masu zafi da laima irin su Fulorida, Tekzas da Luwiziyana, don can ne sinadarin ya fi saurin lalacewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin motoci na Sekanji da tsakar rana, rigarsa ta jiƙe sharkaf tun kafin a gama ciniki, ba sai an faɗa masa shiyyar da Kwatano da Lome da Duwala za su faɗa ba da a ce suna cikin lissafin. Mota takan yi watanni a can gilashi a rufe, sannan ta hau arewa ta shiga zafin Maraɗi ko Damagaram.

To me ya sa ba mu ji ba? Saboda kiranye wasiƙa ce, wasiƙa kuma adireshi take bi. Kamfani yana ɗauko sunayen masu motoci ne daga rajistar jihohin Amurka. Ranar da mota ta faɗa gwanjon Copart ko IAA, aka loda ta a Baltimo ko Sabana ko Hustan, ta fita daga wannan rajista. Wasiƙa za ta ci gaba da zuwa gidan Baturen da ya rabu da ita tuntuni, shi kuma ya jefa a kwandon shara. Dokar tarayyar Amurka ta hana dila sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a gyara ba, tun 2016 ta hana kamfanonin haya bayar da irinta, amma ba ta hana sayar da ta hannu ba. Jami'in duwan ko kwastan kuma kuɗin fito yake lissafi, shekarar mota da girman inji yake dubawa, ba ruwansa da gwangwanin da ke cikin dashbod. Wakilin kamfani da ke ƙasarmu shi ma littafinsa na motocin da ya shigo da su ne. Wadda aka ƙera don kasuwar Amurka sau da yawa ba ta ciki. Kuma ba ƙaramar harka ba ce: rahoton da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma.

Akwai wani abu da mu kanmu muke ƙarawa, kuma gara a faɗe shi tunda mu ya mu ne. Motar gwanjo da yawa mai haɗari ce, jakarta ta riga ta fashe. A gareji sai a nemo ta hannu daga wata motar da aka yanka a liƙa, ba wanda ya tambayi daga ina ta fito. Mota mai lafiyayyar jaka tana iya samun ta Takata ta wannan hanya. Wasu ma ba sa wahalar da kansu, su ɗinke murfin, su kashe fitilar gargaɗi, a wanke mota a sa a layi.

Bayan Takata ma ba a huta ba. A 2020 Toyota ta kira motoci, daga kusan 700,000 a watan Janairu har adadin ya haura miliyan 3 kafin ƙarshen shekara, saboda famfon mai na cikin tanki da ke iya tsayawa mota ta mutu ana cikin tafiya. Wasu shekarun GX 460 da LX 570 da Land Cruiser suna ciki. Mu a nan in jif ta fara shaƙewa ta mutu a hanya, nan take za a ce man bumburutu ne, a zagi yaron da ya zuba. Sau da yawa gaskiya ne. Amma ba kullum ba.

Sababbin ma ba su tsira ba, ga masu cewa ai su gal suke saye. LX 600 ta fito a samfurin 2022, aka ajiye tsohon V8 mai lita 5.7 aka sa V6 mai turbo biyu. A ƙarshen Mayu 2024 Toyota ta kira motoci kusan 102,000 a Amurka, yawancinsu Tundra, 'yan dubbai kuma LX 600 na 2022 da 2023. Dalili: ɓarɓashin ƙarfe da ba a wanke daga cikin injin ba a masana'anta, wanda ke cin metal har injin ya buga. Bayan wata biyu kamfanin ya ce babu wani gyara sai canza injin ɗungurungum, kyauta. A watan Afrilu 2025 General Motors ya kira kusan 600,000 a Amurka masu injin V8 lita 6.2, ciki har da Escalade na 2021 zuwa 2024, su ma saboda bugawar inji. Wanda aka duba aka ga ya lalace a canza, wanda ya tsira a sauya masa baƙin mai zuwa mai kauri. Mai LX a Dalas zai ajiye mota ya karɓi ta aro ya dawo ya tarar da sabon inji. Mai irinta a Ƙonni ko Katsina, in ta hannun gwanjo ta zo, shi zai sayar da kaya ya sayi injin.

Ra'ayina shi ne, yawan kiranye ba shi ne ke nuna mota ba ta da kyau ba. GX 460 ta yi shekara 14 ana ƙera ta, kuma Consumer Reports ɗin da ta ce kada a saye ta, ita ce daga baya ta riƙa sa ta cikin motocin da suka fi ƙarko. Abin tambaya ga mai saye ba wai an taɓa kiran wannan samfuri ba ne, a'a, wannan motar da ke gabana an kai ta an gyara kafin ta hau jirgi?

Wannan kuma ana iya sani tun kuɗi suna aljihu. Kowace mota da aka ƙera don Amurka tun 1981 tana da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Babu harafin I ko O ko Q a cikinta, in ka ga ɗaya an yi kuskuren kwafa ko an taɓa lambar. Ta goma a jere ita ce shekarar samfuri: A 2010 ke nan, B 2011, haka har gaba, abin da ke raba gardama da dillalin da ya ƙara wa mota shekara biyu da sabuwar fitila. Tun 2014 NHTSA ta buɗe wurin bincike kyauta a intanet, ka sa lambar a waya ya nuna maka kiranyen da ba a gyara ba. Toyota da Lexus ma suna da nasu. In ya nuna akwai, kuma motar tana can ba a loda ta ba, wanda ya saya maka zai iya kai ta wurin dila a gyara ba ko sisi, ko da za a rasa jirgi ɗaya. In ta riga ta iso, sai a je wurin wakilin Toyota da lambar a tambaya, ko a yi odar sabon kayan, ba na yanka ba.

Abu ɗaya za a kiyaye: binciken hukumar yakan tsaya ne kan kiranyen shekara 15 da suka wuce. Kiranyen Afrilu 2010 ya riga ya haura wannan iyaka. Saboda haka mai GX 460 ko Prado ta 2010, in ya duba ya ga babu komai, kada ya tsaya nan, ya sa a haɗa motar da kwamfutar Toyota a duba ko an sabunta manhajar VSC. An daina ƙera GX 460 a 2023, GX 550 ta gaje ta. Waɗanda aka saki tsakanin 2010 da 2017 su ne yanzu farashinsu ya sauko daidai aljihun masu sayenmu, su ne kuma ke cika filayen gwanjo.